Ƙamus Mai Hoto da Takardar Kamfanin Sabulu

Duk wanda ya taɓa bi ta layin da ke bayan tashar mota ya san shagon hoton nan mai shuɗiyar ƙofa, wanda ke tsakanin shagon mai aski da rumfar mahauci. Mai shagon ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Ƙamus ake ce masa, saboda wani tsohon ƙamus na Turanci da ba ya rabuwa da shi. Bangon littafin ya daɗe da tafiya, da roba yake ɗaure shi, a hammata yake zuwa da shi shago, a hammata yake komawa da shi gida. Kullum yana sanye da malafa mai faɗi da tabarau mai kauri, wai haka manyan masu hoto ke yi. In ka ce masa sannu, sai ya amsa maka da Turanci, sannan ya fassara maka amsar don kada ka tafi gida da jahilci.

A da shagon yana da ciniki. Amma tun da waya ta shiga hannun kowa, kowa ya zama mai hoto, sai ya zamana Ƙamus yakan wuni a zaune gaban labulensa mai zanen teku da jirgin ruwa yana korar ƙuda. In ka cire mai neman hoton fasfo, ba mai leƙowa.

Wata ranar Talata da hantsi wata farar mota mai zanen kumfa a jikinta ta tsaya a ƙofar shagon. Direban ya sauko da takarda a hannu.

"Daga kamfanin sabulu ne," in ji shi. "Ana raba wa masu hoto. Za a yi sabon talla, ana neman mutanen da za a sa a ciki. Wanda ya tara waɗanda suka dace, shi za a ba aikin ɗaukar hoton. Ranar Asabar da ƙarfe goma manajar talla za ta zagayo ta gani. Da Turanci aka rubuta, bari in yi maka bayani. Abin da suke so shi ne..."

Ƙamus ya ɗaga masa hannu. "Direba, dakata. Me ka gani a hammatata?"

"Littafi."

"To mutumin da ke kwana da wannan shi za ka yi wa bayanin Turanci? Je ka ja motarka. Kowa ya riƙe sitiyarinsa."

Direba ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Ƙamus ya fito tsakiyar layi inda kowa zai ji shi, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya karanta da ƙarfi:

"Muna neman tuwins, da dobul, da kabon kofi, da sifitin imej, da ded ringa!"

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Sunayen magunguna ne?"

"Sunayen arziki ne," in ji Ƙamus. "Ku dai ku jira."

Ya koma ciki ya kwance robar ƙamus. Bai ci abincin rana ba. Kalmomin nan ya sa a gaba yana ɓare su ɗaya bayan ɗaya, yana lasar yatsa yana juya shafi, yana rubutu a bayan tsohon hoton wani ango da bai taɓa zuwa ya karɓa ba. Kafin la'asar ya gama. Ya rufe shago ya nufi gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa wa sarautar layin.

A gida ya tarar da matarsa tana ninke wanki, ƙanwarta kuma, malamar Turanci ce a makarantar sakandare, ta biyo daga aiki tana taya ta hira. Shi da Malama ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun taɓa juna da baki ba.

"Uwar yara, shirya," in ji Ƙamus yana kaɗa takarda. "Kin kusa zama matar mai hoton kamfani. Mutum iri biyar suke nema, kuma duk na gano su."

"Mu gani, Yaya," in ji Malama. Ta karɓa ta duba, ta yi murmushi. "Ai ba iri biyar ba ne. Abu ɗaya ne. Mutum biyu masu kama da juna suke so. Duk kalmomin nan kama suke nufi."

Ƙamus ya yi dariya har da dafa bango. "Kin ji ta! Wane mai hankali ne zai rubuta abu ɗaya sau biyar? Turawa ba sa ɓarnar tawada."

"Mu ma ai muna yi. Mu ce an tsaga kara, mu ce kamar shi ya yi kaki ya tofar, mu ce kamarsu ɗaya sak. Ba duk kama ba ce?"

"Wannan Hausa ce. Turanci ba ya zagaye-zagaye. Faɗa mini, mene ne ded?"

"Matacce."

"Ringa fa?"

"Mai kaɗa ƙararrawa. Amma in aka haɗa su..."

"In aka haɗa su sai su zama tagwaye? Matacce da ƙararrawa? Wannan kike koya wa 'ya'yan mutane? Malama, Turancin aji daban, Turancin kasuwanci daban. Naki na alli ne, ana gogewa da tsumma."

Malama ta miƙa masa takardarsa da hannu biyu. "Na tuba, Yaya. Ƙarfe nawa ka ce za a zo?"

"Goma."

"Ka ajiye mini kujera a gaba."

Washegari da sassafe ya fara da mahauci, wanda in ya zauna a benci sai sauran mutane su miƙe don ba wuri. Ya same shi yana wasa wuƙa.

"Maƙwabci, albishirinka. Kamfani na neman dobul. Dobul shi ne ninki biyu, wato mutum ɗaya mai jikin mutum biyu. Na duba layin nan kaf, kai kaɗai ka cika sharaɗi."

Mahauci ya daina wasa wuƙar. "Zagina ka zo yi da sanyin safiya?"

"Zagi? Hotonka za a kafa a bakin titi, girmansa ya kai bene. Kowa ya wuce ya ce, wancan naman wa yake ci? Ka dai ƙara cin abinci kafin Asabar, kuma ka sa rigar da ta fi matse ka, don a ga kayan da kyau."

Mahauci ya dubi cikinsa, ya yi tunanin hoto mai girman bene, ya ce yana da wata riga mai maɓallai da ya yi aure da ita.

Mai aski ya fi wuya. Haƙoransa biyu na gaba sun faɗi tun yana saurayi, don haka in yana magana, wanda ke gabansa sai ya runtse ido. Masu zuwa aski sukan ce shi ba ya buƙatar kwalbar fesa ruwa.

"Sifitin shi ne tofi," in ji Ƙamus. "Imej kuma hoto. Hoto mai tofi ke nan. Zan ba ka firam ɗin hoto, ka sa fuskarka a ciki, ka yi magana yadda ka saba."

"Ni nake tofi? Wane shashasha ne ya ce ina fesa wa mutane miyau?"

Ƙamus ya cire tabarau ya goge a gefen riga ya mayar. "Ba wanda ya ce. Baiwa ce Allah ya yi maka, ga shi har kamfani ya aiko nema. Ga abin da za ka haddace: sannu da zuwa, sabulunku ya fi sauran sabulai santsi."

Mai aski ya gwada sau ɗaya. Ƙamus ya sake cire tabarau.

"Madalla. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Daga nan sai ƙarshen layi, wajen mai gawayi. Mutum ne mai shiru-shiru, wanda shekara da shekaru ba wanda ya san launin fuskarsa, don tun asuba yake cikin buhuna har rana ta faɗi. In ya yi murmushi haƙoransa kaɗai ake gani.

"Kabon shi ne gawayi," in ji Ƙamus. "Na duba, shafi na tamanin da huɗu. Kofi kuwa ban ɓata lokaci ba, ko jariri ya san kofi. Za ka tsaya da kofi a hannu, shi ke nan aikinka. Amma sharaɗi ɗaya: daga yau har Asabar kada ruwa ya taɓa jikinka."

"Kamfanin sabulu ne ya ce kada in yi wanka?"

"Kai ka san kasuwanci ko ni?"

"Matata fa? Ba ta bari in hau gado sai na wanke."

"Ka kwana a kan buhu. Kwana uku ne."

Saura matacce mai ƙararrawa. Wannan ya hana Ƙamus sukuni, don matattun da ya sani duk ba mai ƙararrawa, masu ƙararrawar kuma duk da ransu. Sai ya tuna da Baba Masinja, wanda ya yi shekara talatin yana kaɗa ƙararrawa a makarantar firamare, da ya bar aiki kuma ya taho da ita gida ya ce ba wanda ya iya riƙe ta. Yanzu kunnensa ya yi nauyi, yana zaune a gidan 'yarsa.

"Baba, so nake ka mutu ranar Asabar!" Ƙamus ya ɗaga murya a kunnensa.

"Ubanka ya mutu ranar Asabar," in ji Baba Masinja.

"Ba irin wannan ba, Baba! Mutuwar Turawa ce, ta ɗan lokaci. Za ka kwanta a benci da ƙararrawarka, ka rufe ido, in na ce tashi ka tashi."

"Za a kaɗa ƙararrawar?"

"Bayan an gama."

"To zan zo. Ta daɗe ba ta yi magana ba."

Ƙamus bai gaya wa 'yar Baba komai ba, don a cewarsa mata ba sa riƙe sirrin kamfani.

Ranar Alhamis wasu tela biyu daga layin baya suka shigo shagon. Tagwaye ne, tsayi ɗaya, murya ɗaya, har ɗan tabon da ke gefen hanci iri ɗaya. Matansu ma sai sun kira suna kafin su miƙa abinci.

"Mun ji ana neman tagwaye," suka ce a tare.

Ƙamus ya dube su sama da ƙasa ya girgiza kai. "Tuwins ke nan, shi ne na farko a jeri, wato mafi arha. Kowane ɗan koyo zai iya kai tagwaye. Ni masu wuyar na tara. Kuma ku gafarce ni, kamarku ta yi yawa. In aka kafa ku a titi mutane za su ce kamfani ya buga hoto ɗaya sau biyu don rowa."

"Kama ce laifinmu?" suka ce a tare.

"Kun gani ko? Har magana ba ku iya rabawa. Ku gwada mai hoton shataletale, shi komai aka kai masa karɓa yake."

Suka juya a tare, suka fita, suka yi tsaki a tare.

Ranar Asabar tun ƙarfe takwas Ƙamus ya fito da labulen teku ya ɗaura a ƙofar shago, ya jera mutanensa a gabansa. Mahauci ne na farko, cikin rigar aurensa wadda maɓallanta ke roƙon a yi musu rai. Ba ya iya sauke hannuwansa, numfashi ma da dabara yake yi. Sai mai aski riƙe da firam ɗin da aka cire wa gilashi, yana ta maimaita haddarsa a ciki. Sai mai gawayi, wanda ya yi baƙi har yana sheƙi, ƙuda na zagaya shi, riƙe da farin kofin tangaran mai zanen zinare a baki. Kofin na matar Ƙamus ne, cikin guda shida da take ajiyewa a saman kabad ba ta bari ko baƙo ya sha ruwa da su. Da asuba ya saci ɗaya ya ɓoye a cikin malafa.

Baba Masinja kuma aka kwantar da shi a benci, ƙararrawa a kan ƙirji. Ƙamus ya ja baya ya ƙare masa kallo ya ga bai mutu sosai ba, sai ya ɗauko farin ƙyallen teburin shago ya lulluɓe shi har kai.

"Kada ka motsa, Baba!"

Bai ma buƙaci faɗa ba. Inuwa ta yi daɗi, ƙyallen ya kare ƙuda, kafin minti biyar Baba Masinja ya yi barci.

Malama ta zo da kujerarta ta roba, ta kafa a gaba ta harɗe ƙafa. Yayarta na tsaye a bayanta, ba ta kallon kowa sai kofin da ke hannun mai gawayi.

"Baban yara, wancan kofin na wa?"

"Na kamfani. Kamarsu ce ta zo ɗaya."

"Ashe kofuna ma ana neman masu kama," in ji Malama.

Ƙarfe goma ta yi, ba mota. Sha ɗaya ta yi, ba mota. Rana ta taso ta kori inuwa. Fasinjojin tasha suka fara tsayawa kallo, masu kanti suka bar kantunansu. Wani dattijo ya dubi bencin da aka lulluɓe ya cire hula.

"Yaushe aka yi rasuwar?"

"Tun Laraba aka tsara ta," in ji Ƙamus.

Maganar ta bi layi daga baki zuwa baki, kafin ta kai ƙarshensa ta zama Baba Masinja ya faɗi ya mutu a ƙofar mai hoto, mai hoton kuma ya hana a ɗauke shi sai an ɗauki hoto. Sai ga 'yar Baba ta taho a guje da takalmi ɗaya, hannu a ka, tana kuka tana kiran ubanta. Mata suka rufa mata baya.

Ƙamus ya sha gabanta ya buɗe hannuwa. "Kada a taɓa shi! Za ki ɓata aiki!"

"Ubana ne!"

"Na sani. Ded ringa ne, an kusa gamawa!"

"Wataƙila suma ya yi!" wani ya yi ihu. "A kawo ruwa!"

Mai shayin bakin tasha ya suri bokitin da yake wanke kofuna a ciki, cike da ruwan kumfa, ya taho yana cewa a ba shi hanya.

Daidai wannan lokacin farar mota ta tsaya. Manajar talla ta fito, mace ce doguwa cikin kaya masu guga, da fayil a hannu, fuskarta na nuna ta gaji da yawo tun safe. Ƙamus ya bar 'yar Baba ya ruga ya tarye ta da Turanci mai tsawo wanda ya fara da barka da zuwa ya ƙare da barka da dare. Ya kamo mai aski ya turo shi gabanta.

"Sifitin imej!"

Mai aski ya sa fuska a firam, ya cika ƙirji, ya saki: "Sannu da zuwa, sabulunku ya fi sauran sabulai santsi!"

Manaja ta ɗaga fayil ta kare fuska, amma ta makara.

"Dobul!" in ji Ƙamus. "Gaishe ta!"

Mahauci ya rusuna. Rigar aure ta yi iya ƙoƙarinta. Maɓallin farko ya tashi ya bugi gilashin mota, na biyu ya shige kwata, na uku ya tafi kai tsaye ya sami Baba Masinja a goshi ta saman ƙyalle.

Gawa ta miƙe zaune da farin ƙyalle a ka, ta ɗaga ƙararrawa ta shiga kaɗawa da ƙarfin shekara talatin.

"A shiga aji! A shiga aji! Wanda ya makara bulala!"

Layi ya watse. Dattijon da ya cire hula ya bar ta a wurin. Mata suka yi kan maza, maza suka yi kan rumfar mahauci. Mai shayi, wanda ya iso daidai benci, ya yi salati ya watsar da bokiti ba tare da ya duba inda ya nufa ba. Ruwan kumfa ya sauka gaba ɗaya a kan mai gawayi da Ƙamus. Malafa ta yi gabas, tabarau ya yi yamma, kofin tangaran ya suɓuce ya faɗi a kan dutse ya yi ƙara siririya wadda duk da ihun da ake yi matar Ƙamus ta ji ta.

Da ƙyar 'yar Baba ta ƙwace ƙararrawar, ta rungume ubanta tana kuka tana dariya. Manaja tana goge fuska da hankici.

"Malam, wane irin abu ne wannan?" ta ce da Hausa tsantsa.

Ƙamus yana ɗigar da ruwa, yana lalubar tabarau a ƙasa. "Abin da kuka rubuta ne, ranki ya daɗe. Ga dobul, ga hoto mai tofi, ga gawayi da kofi, ga matacce da ƙararrawarsa. Ya ɗan farfaɗo ne, amma za a iya mayar da shi."

Manaja ta dubi direbanta. Direba ya ce, "Na so in yi masa bayani, ya ce in riƙe sitiyarina."

"Mutum biyu masu kama muke nema," in ji ta. "Ɗaya a nuna shi kafin ya yi wanka da sabulunmu, ɗaya bayan ya yi. Shi ke nan. Mai hoton shataletale ya kawo mana tagwaye masu kyau, tela biyu, ya ce daga nan aka koro su. Amma kowanne ya rantse ba shi zai zama mai dauɗar ba, har suka ba hammata iska a gabana. Na zo nan da sa rai, sai na tarar da..."

Ba ta ƙarasa ba. Idonta ya tsaya a bayan Ƙamus.

Mai gawayi ne ya ɗauki farin ƙyallen da aka lulluɓe Baba da shi yana goge kumfa daga idonsa. Ya goge goshi, ya goge kumatu, ya murje hanci da haɓa. Da ya sauke ƙyallen, sai kowa ya juyo. Mutane suka dubi fuskarsa, suka dubi ta Ƙamus da ba malafa ba tabarau, suka sake duban tasa. Sanƙo ɗaya. Hanci ɗaya mai ɗan karkata hagu. Kunnuwa iri ɗaya, a buɗe kamar hannun tukunya.

"La ilaha!" in ji mai aski, ya jiƙa na kusa da shi. "An tsaga kara!"

Matar Ƙamus ta manta da kofi, ta riƙe baki. Malama kuwa ta tashi daga kujerarta a hankali, ta zo ta tsaya tsakaninsu, ta nuna wannan ta nuna wancan kamar tana gaban allo.

"Yaya, ga dobul. Ga kabon kofi. Ga sifitin imej. Ga kuma ded ringa, da ransa, ba ƙararrawa. Maimaita bayana."

"Ni? Ni zan yi kama da mai gawayi? Ni da na yi aji uku a sakandare?"

"Ni ma ban ji daɗi ba," in ji mai gawayi a hankali, ya yi murmushi.

Manaja ta ga murmushin nan ta tafa hannu. "Wannan shi ne na bayan wanka. Irin wannan murmushin sabulu yake sayarwa." Ta juya ga Ƙamus da ya kumbura baki. "Kai kuma kada ka canza fuskar nan, daidai take da ta kafin wanka. Gawayi kaɗan za mu shafa maka. Mai hoton shataletale zai ɗauka. Ku shiga mota."

"Har abada!" in ji Ƙamus. "Ni mai ɗauka ne, ba a ɗauka ta."

Sai ya waiga. Mahauci na tahowa da ciki a waje yana tambayar ina hotonsa mai girman bene. Mai aski ya ɗaga firam sama kamar zai rataya masa a wuya. 'Yar Baba ta cire takalmin da ya rage mata ta riƙe a hannu. A bayansu duka matarsa ce, ta tsince gutsattsarin kofi a tafin hannu, kallonsa kawai take.

Ƙamus ya riga mai gawayi shiga mota, shi ya ja ƙofa ya rufe.

Bayan wata ɗaya aka kafa allon tallan a bakin tasha, daidai inda duk wanda ya fito daga shagon Ƙamus sai ya gan shi. A hagu mutum ne baƙi ƙirin da kumburarren baki. A dama mutumin ne dai, fes, yana murmushi riƙe da sabulu. Kwana biyu Ƙamus bai fito ba. A na uku ya lura mai gawayi ya koma cikin buhunansa, ya koma baƙinsa na da. Sai ya sa malafa ya je ya tsaya a ƙarƙashin allon.

"Wancan mai murmushin ni ne," yake gaya wa duk wanda ya tsaya. "Ku dubi na hagun, ku je ƙarshen layi ku dubi mai gawayi, ku yi wa kanku hukunci."

Baƙi suka riƙa yarda. Har 'yan layin da abin ya faru a gabansu suka fara kokwanto, mai aski da mahauci suka yi gardama a kai har ta kai su ga daina gaisawa na yini guda. Da Ƙamus ya ga kasuwa ta karɓa, sai ya aika aka ɗauko mahaifiyarsa daga gidan ƙaninsa don ta ga inda ɗanta ya kai. Ya tara 'yan layi, ya riƙo hannunta har gindin allon.

"Inna, ɗaga kai ki ga ɗanki. Nuna musu."

Tsohuwa ta dogara sanda, ta kare rana da tafin hannu, ta daɗe tana duban dama, ta daɗe tana duban hagu. Sannan ta ɗaga sandar ta nuna na hagu.

"Wannan mai kumburarren bakin shi ne nawa. Ko a cikin buhu aka sa fuskar nan na san ta. Haka yake yi tun yana ɗan shekara uku, da zarar ya ga na ɗauko soso."

Ta sake duban na dama ta gyaɗa kai.

"Wancan kuma ɗan waye? Allah ya yi wa uwarsa albarka. Ita nata ya tsaya an wanke shi."